Yadda Ƙadangaren Clarrie Ya Girma

A garinmu Wirrabin, ƙadangare mai gemu ba abin saye ba ne. Kan kowane turken shinge akwai ɗaya zaune yana shan hantsi, kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wanda ya nemi rasit a kansa ba. Saboda haka da labari ya bazu cewa Clarrie Duggan ya yi tafiyar awa huɗu a a-kori-kurarsa zuwa birni, ya cike takardun lasisi, ya dawo da jaririn ƙadangare cikin robar askirim, babu wanda ya yi mamaki. Da wani ne da an yi. Amma Clarrie ne.

Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa shekara goma sha tara, don haka abin da zan faɗa ko dai na gani da idona, ko kuwa ya tsallako mini ta shinge ba da son raina ba.

Clarrie ya yi ritaya daga aikin gyaran hanya, kuma tun ranar bai sake cin karo da abin da bai iya ba. Ya yi kiwon zuma, zumar ta kwashe kayanta ta koma rufin coci. Ya yi kiwon agwagi, ya haƙa musu tafki a ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Ya dafa giyarsa ta gida, kwalabe arba'in suka fashe rana ɗaya har 'yan kwana-kwana suka zo jin ba'asi. Duk waɗannan ayyuka a wuri ɗaya ake kitsa su: ɗakin kwanon da ke bayan gidansa, mai firji ɗaya, rediyo ɗaya, kujera ɗaya, da makulli ɗaya tal da ke maƙale a bel ɗin wandonsa. Matarsa Noelene kuwa shekara talatin da biyu tana ɗinki a kan teburin cin abinci, tana kwashe keken duk lokacin da za a ci.

Ranar da ya dawo, tun kafin ya kashe mota ya soma ƙwala mini kira.

"Farfesa! Fito ka ga abin da littattafanka ba su koya maka ba."

Haka yake kirana, don na taɓa koyarwa a makarantar garin. Na fito. Ta ɗaya shingen kuma Beryl Tancred ta leƙo da bokitin abincin kajinta a hannu. Clarrie ya buɗe robar a hankali kamar mai buɗe akwatin gado. A ciki akwai wani ɗan abu mai tsawon yatsa, rabinsa wutsiya ne, sauran rabin kuma idanu.

"Sunansa Janar," in ji Clarrie.

Beryl ta dube shi da kyau. "Wai da gaske saye ka yi? Akwai biyar a bayan gidana, kuma ba su da lasisi ko ɗaya."

"Naki 'yan iskan gari ne, Beryl. Wannan yana da asali. Yana da takarda. Ke kina da takarda?"

"Ina da takardar mutuwar mijina. Shi ma ya san komai."

Ana cikin haka Noelene ta fito tana goge hannu, riƙe da wata takarda da mai kiwon da ta sayar masa ta bayar tare da jaririn. Ta karanta mana a tsaye. A sa shi cikin ƙaramin akwatin gilashi. A shimfiɗa masa takarda, kada a sa yashi, don jarirai na haɗiye shi. Gefe ɗaya zafi, gefe ɗaya sanyi. Kada a ba shi abin da ya fi tazarar idanunsa biyu girma.

Clarrie ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai dokar mutanen birni ce, masu kiwon ƙadangare a bene na tara. Wa ya taɓa ganin jarida shimfiɗe a hamada? Ni da aka haife ni a cikinsu? Mace, ba ni mako shida. Ranar baje kolin amfanin gona, shuɗin ƙyallen da ake ba dabbar da ta zo na ɗaya zai rataya a ƙofar ɗakin can."

Noelene ta ninke takardar ta sa a aljihun rigar girkinta.

"Clarence," in ji ta. Duk unguwar ta san idan sunan ya fito cikakke, magana ta bar wasa. "Na binne agwagi goma sha ɗaya. Na share kwalabe. Wannan karon ga sharaɗina, ga shaidu biyu. Ranar baje koli, kai da hannunka za ka kai wannan halitta gaban alƙali da ranta da lafiyarta. Ban ce ka ci ƙyalle ba. Idan ka kasa, makullin ɗakin kwano ya zama nawa."

Mai hankali zai nemi a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani. Clarrie ya miƙa mata hannu.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama. Farfesa, Beryl, kun dai ji."

Mun ji.

Washegari aka soma gini. Taku goma tsawo, taku shida faɗi, a tsakiyar inda Noelene ke shanya. A-kori-kura ta yi sawu biyu ta kawo jan yashi daga bakin kwari. Aka kewaye da wayar kejin kaji, aka jera duwatsu, aka kafa kututture a tsakiya domin Janar ya riƙa duba ƙasarsa. Na leƙa ta shinge na zura babban yatsana cikin ramin wayar, ya shige ba tare da ya taɓa gefe ba.

"Clarrie, kamar ramukan sun fi mai gidan faɗi."

"Farfesa, dabba ba ta barin inda ake girmama ta. Wannan ba a aji ake koyonsa ba."

Batun zafi kuwa, garin ya riga ya shiga bazara, kwalta na narkewa da azahar, amma Clarrie ya ce zafin Allah na kowa da kowa ne, Janar na bukatar nasa na kansa. Ya samo manyan fitilu huɗu daga wani tsohon garken aladu, ya rataya su kusurwa huɗu, don kada wani gefe ya ji an yi masa wariya. Ya ƙara da famfo mai tsartuwar ruwa. Ya haɗa su duka a waya ɗaya, ya zura ta tagar gareji, ya tara mu, ya kunna.

An sami haske na kamar daƙiƙa uku. Sai wani ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ƙaurin roba.

"Gwaji ne," in ji Clarrie. "Ya nuna komai na aiki."

Ya gyara na fitilun. Abin da bai lura ba shi ne babban firjin daskarewa da ke garejin ya mutu tare da gwajin. Sai bayan kwana biyu Noelene ta buɗe ta tarar da rabin rago na iyo a cikin ruwansa, tare da kek shida da ta ajiye domin gasar baje koli. Kwana uku layinmu na cin gasasshen rago safe da yamma. Clarrie ya tsaya a bakin murhu da cokalin juya nama yana karɓar godiya, kamar dama sadaka ya yi niyya.

Janar dai ya shiga fadarsa, ya nemi inuwa ya rasa, ya lafe a ƙarƙashin kututture.

Sai batun ci. Ranar farko Clarrie ya kai masa guntun naman sosej. Janar ya rufe ido. Ya kai masa dafaffen ƙwai guda. Janar ya zagaya ƙwan ya ɓuya a bayansa. Ya kamo wata ƙatuwar fara a lambu ya jefa masa. Farar ta dubi Janar, Janar ya dubi farar, daga ƙarshe ta hau kansa ta huta.

A nan ne jaririn ya ɗaga ƙafarsa ta gaba ɗaya, ya juya ta a hankali cikin iska, ya ajiye.

Clarrie ya dafe ƙirji. "Kun gani? Ya sara mini! Kwana huɗu kacal, har ya san shugabansa."

Na ce, "Na taɓa karantawa cewa ƙananansu na yin haka ne idan suka ga ƙaton abu. Ma'anarsa, don Allah kada ka cinye ni."

"Ka ji Farfesa. Shi ko gaisuwa sai ya nemo mata sharri."

Beryl ta ce daga shinge, "Ni ma in na hango ka haka nake yi, a zuci."

Da ya ga yunwa na neman kayar masa da Janar, ya yarda cewa gyare ne abincinsu, amma ya ce shi ya gano hakan. Ya yi odar dubu ɗaya ta gidan waya. Masu sayarwar suna da 'yan ƙanana na jarirai, suna da matsakaita, suna da manya. Ba sai na faɗi wanda ya zaɓa ba. Babban soja, a cewarsa, babban abinci.

Kwalin ya iso ranar Talata yana kuka. Akwai rubutu a jikinsa mai cewa a buɗe a cikin babban mazubi, a waje. Clarrie ya buɗe shi a kan teburin cin abinci, da wuƙa, kuma da ya ga sun soma fitowa ta sama sai ya kifa shi, ya manta ya riga ya yanka ƙasan don ya leƙa.

Ban ga wannan da idona ba. Na dai ji Noelene ta kira sunansa cikakke har da na mahaifinsa.

Kafin sati ya zagayo akwai gyare a keken ɗinki, a tukunyar shayi, a cikin takalman Beryl na zuwa coci, da cikin motar Merv Ostini, abokin hirar Clarrie a kulob, wanda laifinsa kawai ya tsaya gaisuwa. Ranar Lahadi wasu suka bi Beryl har coci, suka riƙa amsa wa fasto a duk inda ya numfasa. Kajin Beryl suka yi ƙiba. Hankakin gari kuma suka ji labari, suka zo suka yi sahu a kan wayar fadar Janar. Da farko gyare suka zo ci. Daga baya aka ga suna karkata kai suna nazarin abin da ke ƙarƙashin kututture. Clarrie ya kawo kujerarsa ɗaya tilo da tsintsiya ya zauna gadi a cikin rana, ƙarƙashin fitilu huɗu, har wuyansa ya yi kalar yashin.

A kwana na goma sha ɗaya da zuwan Janar ya shiga gida shan ruwa. Da ya fito, babu Janar.

Ta ramin shinge na ga abin da ya biyo baya. Ya ɗaga kututture. Ya ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi hankaki, hankaki suka dube shi da fuskar da ba ta amsa laifi. Sannan ya saɗaɗa kicin ya ɗauko rariyar tankaɗen Noelene, ya durƙusa ya soma tankaɗe mota biyu ta yashi. Da ya hango ni sai ya miƙe ya ɓoye rariyar a baya.

"Lafiya, Clarrie?"

"Lafiya lau. Janar ya shiga dogon barci. A ƙarƙashin yashi. Haka suke yi."

"Da sanyi suke yi. Yanzu bazara ce."

"Na gari ke yi da sanyi. Mai asali yana yi lokacin da ya ga dama."

Da la'asar ɗin ranar, bayan ya tafi kulob, Noelene ta kira ni bakin shinge ta tambaya ko har yanzu ina da tsohon akwatin gilashin kifin nan. Na kai mata. A cikin kwandon wanki, tsakanin safunan Clarrie, ga Janar nan kwance, ya rame har ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, amma da ransa. Ya bi ta ramin waya ya tsallaka tsakar gida ya nemi wuri mafi duhu, ko da kuwa da wari.

Ta zaro takardar nan daga aljihu, ta shimfiɗa tsohuwar jarida a akwatin, ta sa ƙaramar fitila a gefe ɗaya. Ta tsinto 'yan jariran gyare da suka soma ƙyanƙyashewa a bayan firji, ta barbaɗa musu garin ƙarfafa ƙashi da mai kiwon ta haɗo da shi. Janar ya ci bakwai a tsaye.

"A ina za ki ajiye shi kada ya gani?"

"A ɗakin wanki. Shekara talatin da biyu bai san inda ƙofar take ba."

"Za ki gaya masa?"

"Ranar da ya gaya mini ya ɓata, a ranar zan gaya masa na tsinta. Kai dai ka riƙe bakinka."

Na riƙe shi sosai. Beryl kaɗai na gaya wa. Kafin rana ta faɗi duk Wirrabin ta sani, in ban da mutum ɗaya.

Mako uku aka yi a haka, kuma garin bai taɓa nuna wa wata dabba kulawa irin wannan ba. A gidan burodi, a gidan mai, a bakin banki, kowa sai ya tsayar da Clarrie.

"Ya mai jiki? Ya farka?"

"Yana hutawa."

"A gaishe shi in ya juya."

Clarrie ya rame ya yi zuru-zuru. Hannunsa ba ya rabuwa da makullin nan, yana shafa shi kamar mai ciwon haƙori. Sau biyu na gan shi tsaye a ƙofar kicin ya buɗe baki zai yi wa Noelene magana, sai ta ɗago ta ce, "Na'am?" sai ya ce yana tambayar ko akwai shayi.

Saura kwana goma baje koli, da hantsi, na ji ihu. Na fito a guje don na zaci fitilun sun kama shi. Na same shi a cikin keji a durƙushe, hannuwa sama. A kan kututture ga wani ƙaton ƙadangare mai gemu, tsawon damtsen mutum har da 'yan kai, ciki ya cika ya batse, yana kallonsa a wulaƙance. A ƙasan wayar, ta ɓangaren shingen Beryl, ga sabon rami da aka tono daga waje. Clarrie ya sa ƙafa ya rufe shi ba tare da ya duba ƙasa ba.

"Ya farka, Farfesa! Dubi abin da barci da kyakkyawan kiwo ke yi!"

An sha tambayata ko ƙarya ya yi da gangan ko kuwa ya gaskata. Ban sani ba. A wurin Clarrie tazarar da ke tsakanin biyun ba ta wuce rabin yini.

Da yammar ranar kulob ya cika kamar ana rabon gado. Clarrie ya tsaya a bakin kanta yana nuna hoto a wayarsa.

Merv ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. "Mutumina, wannan ne ɗan yatsan nan?"

"Shi ne."

"Cikin mako uku."

"Cikin mako uku. Yashi, fitila huɗu, da barin dabba ta huta. Akwai kuma wani sirri da ba zan faɗa ba sai littafina ya fito."

"Don Allah ka binne mini tumakina a yashin nan. Fari ya hana su girma."

"Yi dariya, Merv. An yi wa wanda ya ƙera jirgin sama."

"Shi ai ya tashi. To wai Noelene me ta ce?"

"Me za ta ce? Ta duba ta ce, 'Ikon Allah.' Mace in ta sha kaye ba ta da dogon zance."

Wani daga bayan ɗaki ya shaƙe da giyarsa har sai da aka bubbuga masa baya.

Sabon Janar bai damu da sara wa kowa ba. Ranar farko ya buɗe gemu ya yi baƙi ƙirin ya kama babban yatsan Clarrie, wanda ya bayyana mana cewa wasan sojoji ke nan. Ba ya cin abinci sosai. Aikinsa tono: ya tona nan, ya bari, ya koma can. Clarrie ya ce atisaye ne.

Ranar baje koli ta zo da zafinta da ƙudajenta. Rumfar dabbobin gida tana tsakanin ta tumaki da ta masu kek, kuma a shekarun baya mutum goma ba sa taruwa a cikinta. A bana har masu sausayar ulun tumaki sun bar gasarsu sun zo. Clarrie ya iso da tsohon bahon wanka a bayan mota, cike da yashi mai ɗumi da ya yayyafa wa ruwa don ya yi kyau a ido. Mutum huɗu suka sauke shi. Ya sa farar riga da hular da yake zuwa jana'iza da ita. Noelene ta ce ya yi gaba, tana da ɗan kaya da za ta ɗauko.

Alƙaliyar ita ce Dokta Kinsella, likitar dabbobi daga garin da ke gaba da mu, mace marar son ɓata lokaci, kuma ita kaɗai ce a rumfar ba ta san komai ba. Ta gama da zomaye da wani aku mai zagi, ta iso bahon. Kafin ta yi magana Clarrie ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'ar Wirrabin! An ce ba zan iya ba. An kawo mini takarda. An kawo mini littafi. Yau ga amsa a cikin baho."

Aka yi tafi mai ƙarfi, irin wanda ya kamata ya sa mutum ya tsargu.

Dokta ta karɓi takardar lasisi ta duba, ta dubi bahon, ta sake duba takardar.

"Mista Duggan, nan an rubuta an ƙyanƙyashe shi mako tara da suka wuce."

"Haka ne, Dokta. Na san abin da mamaki."

"Kaskar da ke bayan kunnen nan ta girmi mako tara."

"Kiwo mai kyau har kaska yake ginawa."

"Ga tsohon tabon cizon kare a baya. Ga ƙarshen wutsiya ya guntule ya warke tun tuni."

"Soja ne, Dokta."

"Kuma mace ce."

Clarrie ya yi murmushin haƙuri, irin na mai gyara wa yaro karatu. "Da girmamawa, Dokta, ni nake kwana da tashi da shi. In da mace ce ai da na sani."

Janar ba ya cikin wannan muhawara. Tun da aka ajiye bahon ya samu abin da ya yi kwana goma yana nema, wato yashi mai laima, ya tona rami a kusurwa, ya juya ya zura bayansa ciki. Beryl ce ta fara gani.

"Clarrie, sojanka na ajiye wani abu."

Fari, mai taushi, kamar ƙwayar inabi. Sai na biyu. Sai na uku.

"Duwatsu ne," in ji Clarrie, har yanzu lasifikar na bakinsa, don haka har masu sayar da tikiti a ƙofa sun ji. "Suna haɗiye duwatsu don narka abinci."

"Huɗu!" in ji Merv.

Rumfar duka ta ɗauka. Biyar! Shida! Masu kek suka bar teburinsu. Aku ya yi zagi. A goma sha biyu Clarrie ya cire hula. A goma sha tara Janar ya gama, ya juya ya soma tura yashi da hanci yana rufewa, cikin natsuwar wadda ba yau ta fara ba.

Dokta ta karɓe lasifikar ta kashe, abin da ya kamata a yi tun farko.

"Mista Duggan, wannan uwar daji ce, ta kai shekara shida. Yashinka ta biyo don ta yi ƙwai. Kama na daji laifi ne, ka sani. Zan ɗauka ita ta kawo kanta, in har ka mayar da ita inda ta fito yau ɗin nan. Ƙwan ni zan tafi da su. Saura tambaya ɗaya. Wanda ke cikin takardar nan, ina yake?"

Clarrie ya dubi Dokta. Ya dubi bahon. Ya dubi rufin rumfa. Hannunsa ya tafi kan makulli.

"Ya... wato, Dokta... akwai hankaki a unguwarmu."

"Gafara dai. A ba ni hanya."

Noelene ce, rungume da wani abu da ta lulluɓe da mayafin keken ɗinki. Ta ajiye a kan tebur ta yaye. A cikin akwatin gilashi, a kan jaridar makon jiya, ga ɗan ƙadangare mai tsawon tafin hannu, ciki a cike, ido tar, da ɗan guntun ganye a gefen baki. Dokta ta ɗaga shi ta juya, ta duba ƙafafu da haƙora, ta gwada da takardar.

"Wannan kam mako tara ne. Wa ke kula da shi?"

"Ni da takardar da aka ba mu," in ji Noelene.

Clarrie ya farfaɗo nan take. "Ai ga shi nan! Jama'a, ga Janar da ransa da lafiyarsa a gaban alƙali! Dama na san yana wurinta. Gwada ta nake yi in ga ko..."

"Clarence. Me ka kawo da hannunka?"

Ya dubi bahon. Uwar dajin ta buɗe masa gemu.

Noelene ta miƙa tafin hannu. Clarrie ya juyo wurina. Na duba takalmina. Ya juya wurin Beryl.

"Na ji da kunnena," in ji Beryl, "kuma kunnen nan gyare bai gama cinye shi ba."

Zoben makullin ya yi shekaru a bel ɗin har ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa. Ya murɗa, ya ja, ya sa haƙori. A ƙarshe dole ya zare bel ɗin gaba ɗaya ya miƙa mata, ya tsaya a gaban rabin gari, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da hular jana'iza. A haka aka sanar da sakamako. Ɗan ƙadangaren Noelene ya zo na biyu, bayan wani zomo.

Da yamma Clarrie ya mayar da uwar dajin bakin shinge, ta ƙara masa cizo ɗaya na sallama. Ranar Litinin da safe ƙarar keken ɗinki ta soma fitowa daga ɗakin kwano. Firjin ya koma na ganye, akwatin gilashi ya samu wuri a bakin taga, rediyon kuma aka canja masa tasha.

Ranar Juma'a Clarrie ya shigo kulob da bandeji a yatsu biyu. Merv ya matsa masa kujera.

"Mutumina, ya rashin ɗaki?"

"Wane rashi? Kyauta na ba ta. Dama ya yi mini kaɗan. Ayyukan da ke kaina yanzu sun girmi ɗakin nan."

Babu wanda ya musa masa. Duk mun shaida yadda abubuwa ke girma a gidansa.